Asusun Motar Dare

Muna gode wa Ubangiji da ya kawo mu ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. An roƙe mu mu ba da labarin ɗan aikin da malamai da Zumuntar Mata suka sa hannu a ciki a wajen makaranta, to ga shi.

Mafarinsa rasuwa ce. Mahaifiyar wata ɗalibarmu, a wani ƙauye da ke kan hanyar Kiyawa, naƙuda ta kama ta da magariba, jini ya ɓalle, ba a sami mota ba sai da asuba. Asibiti yana nan a Dutse, ma'aikata suna nan. Abin da ya raba ta da su kuɗin mai ne, da direban da zai yarda ya tashi cikin dare.

Sai muka yi baiko na musamman a majami'a, muka ajiye kuɗin a ofishin fasto, muka aika cewa duk wanda matarsa ta shiga wahalar haihuwa ya zo. Wata huɗu ba wanda ya zo. Har muka fara gunaguni, Allah ya gafarta mana. Wata tsohuwar ungozoma ce ta warware mana. Ta ce, "'Ya'yana, kun shiga gari ba ku yi sallama ba." Gaskiyarta. Yawancin mutanen ƙauyen Musulmi ne, kuma wane magidanci ne zai buga ƙofar baƙi da tsakar dare yana roƙon kuɗi saboda iyalinsa? Mun manta cewa ko Basamariyen nan mai tausayi sai da ya nemi taimakon mai masauki.

Muka koma, muka gai da dagaci da liman, muka zauna muka saurara. Dabarar da aka tsayar ma ba tamu ba ce. Mun koye ta daga shirin Haihuwa Lafiya na gwamnatin Jigawa, wanda ya jawo ƙungiyar direbobi cikin aikin kai mata asibiti. Da kaka kowane gida yana ba da mudu ɗaya na gero ko riɗi, a sayar a kasuwar Shuwarin, a haɗa da baikonmu. Akwatin yana gidan dagaci, makulli biyu: ɗaya a hannun liman, ɗaya a hannun shugabar Zumuntar Mata. Direbobi biyu sun yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne, a biya su kuɗin mai kawai. Ɗaliban aji shida ne ke riƙe da littafin lissafi, kuma ana karanta shi a bainar jama'a, don kuɗin da ba a karanta lissafinsa shi ke raba zumunci.

Wanda ya taɓa zuwa asibitin Jahun, inda likitocin MSF suka fara aiki a 2008, ya ga matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, ya san abin da jinkirin dare ɗaya yake jawowa.

Da sauran aiki. Da damina hanyar ƙauyen takan yanke, sai an ɗauki mace a amalanke zuwa bakin titi. Ga kuma matsalar jini: mota takan kai mace, a rasa mai ba ta. Saboda haka bayan hutu za mu nemi malamai da dattawan ikkilisiya su je a gwada jininsu, mu rubuta sunayensu a bayan littafin.