Laifin tebur ne, ba na yaro ba

Wani manomin albasa daga wajen Galmi ya zo Malbaza tare da ɗansa mai shekara 9. Da sassafe sunka zauna wurin mai shayi, bakin babbar hanya, kusa da ma'aikatar siminti. Uban ya saya wa yaron burodi, mai shayi ya shafa masa bota. Yaron ya aje shi bakin tebur. Gwiwar hannunsa ta ture shi, sai ga burodi ƙasa, gefen mai ya kife cikin rairayi.

Uban ya ɗaga hannu zai mare shi. Ya ce: "Kai dai ba ka da sa'a! Ran nan ma haka anka yi." Yaron ya sunkuyar da kai. Dama a gida an fara kiransa mai ƙashin tsiya.

Mai shayi ya ce: "Malam, yi haƙuri. Na manya ma haka yake faɗuwa a teburin nan." Ya ɗauko guntun katako mai faɗi, ya shafa toka a samansa, ya riƙa ture shi daga bakin tebur. Sau da yawa gefen toka ne a ƙasa.

Ga dalili. Burodi yana zaune ne gefen mai a sama. In ya zame, rabinsa ya fita daga tebur, sai ya karkata, ya fara juyawa. Tsawon tebur bai wuce santimita 75 ba, burodi kuwa ba ya kai rabin daƙiƙa kafin ya taɓa ƙasa. Juyi rabi kaɗai yake samu, sama ta koma ƙasa. Kafin ya juya sarai ya dawo daidai, sai tebur ya kai wajen mita 3. Nauyin mai bai taka kara ya karya ba.

Wani masani na ƙasar Ingila, Robert Matthews, ya bayyana wannan a 1995. A 2001 ya sa yaran makaranta kamar 1,000 sunka gwada fiye da sau 21,000. Cikin kowane 100, sau 62 gefen mai ne a ƙasa. Yaran nan duka ba masu ƙashin tsiya ba ne.

Manomin ya karɓi katakon, ya gwada da hannunsa. Nasa ma ya kife. Ya yi shiru. Can ya sa hannu aljihu, ya saya wa yaron wani burodin, ya ce: "Ungo, ɗana. Tura shi tsakiyar tebur."

Jama'a, burodi in ya faɗi ana sayen wani. Mugun suna in ya kama yaro, da shi yake girma. Kafin ku ce wane ba ya da sa'a, ku dubi inda anka aje abin.