Kafin ki ɗauki aikinki ki tafi jinya gida

’Yar’uwa, in kina shirin zuwa gida jinyar iyaye, kina ganin waya za ta riƙe miki aikinki, tsaya ki ji abin da ya same ni.

A 2021 na ɗauki hutu a asibiti na tafi Bakori jinyar Inna, da hawan jini ya kwantar da ita. Kuɗin maganinta daga rubutun da nake turawa duk mako yake fitowa. Waya da caja kaɗai na ɗauka. A watan Satumba aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ’yan bindiga, har da Bakori, Funtua da Malumfashi. Mako uku ban tura komai ba. Kafin in shiga mota zuwa Zariya neman sabis, an ba wata filina. Ɗan kunnena na sayar na sayi magani.

Bana zan koma, wata biyu, amma da shiri. Na rubuta maƙala huɗu na miƙa wa edita tun yanzu, na gaya mata za ta iya jin shiru. Na sayi ƙaramar sola da layi na biyu, na tanadi tsabar kuɗi da maganin wata biyu. Lokacin rubutuna bayan sallar Asuba ne, kafin ’yan dubiya su cika gida.

Ke ma ki yi shiri tamkar ba sabis. Allah ya ba iyayenmu lafiya.