Tsayuwa Arba'in da Biyar

Magabata sun bar mana karin magana guda biyu da ba sa ga maciji da juna, amma kowanne mukan ɗauko shi ranar da ya yi mana daidai. Na farko ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na biyu kuwa ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. A matsayina na malamin lissafi, na daɗe ina neman wurin da za a iya zaunar da waɗannan maganganu biyu a yi musu shari'a da alƙaluma, kuma ban sami wurin da ya kai filin wasan besbol na Amurka ba. Wasa ne da ban taɓa riƙe kulkinsa ba, a littattafan lissafi na fara haɗuwa da shi. Abin da ya ja ni gare shi shi ne yadda mutanensa suka shafe fiye da ƙarni guda suna rubuta abin da kowane ɗan wasa ya yi, rana bayan rana, har ya zamana kowace gardama tana da takardar da za a buɗe.

Ga mai karatun da bai san wasan ba, kaɗan daga cikinsa ya ishe mu. Mutum ɗaya yana jefo ƙwallo, wani yana tsaye da kulki yana ƙoƙarin dukanta. In ya doke ta ya ruga ya isa masaukin farko kafin abokan hamayya su kama shi, an ce ya ci. Sai a raba yawan cinsa da yawan tsayuwarsa, a faɗi sakamakon bisa dubu. Wanda ke cin 300 cikin 1000 gwani ne, mai 250 kuwa tsaka-tsaki ne. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kuma ɗan wasan da ba ya fashi yakan tsaya sau 500 zuwa 600. Idan muka ɗauki tsayuwa 500, tsakanin gwani da tsaka-tsaki ci 25 ne kacal, wato kusan ci ɗaya a kowane mako. A kan wannan siririn bambanci ake ɗaukar mutum aiki ko a sallame shi.

To, ina ga wanda aka yi wa hukunci tun a makonnin farko? A watan Afrilun 2006 wani ɗan wasan ƙungiyar Detroit mai suna Chris Shelton ya fitar da ƙwallo bayan shinge har sau 9 a wasanni 13 na farko, abin da manyan taurari ma ba kasafai suke yi ba. Jaridu suka yi ta kaɗa masa tambari. Kafin watan Agusta ya kama, an mayar da shi ƙaramar gasa, ya ƙare shekarar da 16 gaba ɗaya. Ba wanda ya yi masa asiri. Larabarsa ce ta yi alkawarin da Juma'a ba ta san da shi ba.

Misalin da na fi so, wanda kuma nakan kai aji, ya fito ne daga aikin masana lissafi biyu, Bradley Efron da Carl Morris, waɗanda suka bayyana shi ga jama'a a mujallar Scientific American a 1977. Sun ɗauki ƴan wasa 18 na kakar 1970, suka duba abin da kowanne ya yi a tsayuwarsa 45 ta farko. Roberto Clemente ne a sama, ya ci 18, wato 400 cikin 1000. Kusa da ƙasa akwai Thurman Munson da ci 8, wato 178. Tambayarsu ita ce: da wane adadi ya kamata mu yi hasashen abin da kowanne zai yi a sauran shekarar? Hankalin kowa zai ce da adadin da ya nuna. Su kuwa suka bi hanyar da Charles Stein da Willard James suka shimfiɗa, suka jawo adadin kowa zuwa ga matsakaicin taron, wanda ya kama 265. Na sama aka sauko da shi sosai, na ƙasa aka ɗaga shi. Da shekara ta ƙare aka gwada, sai aka tarar wannan hasashen ya fi kusa da gaskiya ga mutum 16 daga cikin 18. Munson, wanda da an bi ta Larabarsa an sallame shi, ya ci 316 a sauran kakar.

Domin ɗalibai su taɓa abin da hannunsu, nakan zuba wake goma a ƙwarya, uku ja, bakwai fari. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya zaro ɗaya, ya rubuta launinsa, ya mayar, ya girgiza, har sau 45. Dukansu ƙwarya ɗaya suke zarowa, wato dukansu gwanaye ne masu 300. Amma a aji mai ɗalibai hamsin da wuya a rasa wanda jan wakensa bai wuce 8 ba, da wanda ya kai 18 ko fiye. Ga Munson, ga Clemente, a benci ɗaya, kuma ba abin da ya raba su sai girgizar ƙwarya. Lissafi ya san girman wannan lilo tun kafin a zaro wake: a tsayuwa 45, mai 300 na gaskiya yakan kauce da kusan 68 sama ko ƙasa, wani lokaci ninki biyu na haka. A tsayuwa 550 kaucewar takan ragu zuwa wajen 20. Abin lura shi ne ko shekara cikakkiya ba ta kashe sa'a, rage mata ƙarfi kawai take yi. Mu da muke ba yaro maki a jarrabawa ɗaya ta sa'a biyu mu rubuta a gefen takardarsa cewa ba shi da ƙwaƙwalwar lissafi, ya kamata wannan ƙwarya ta riƙa hana mu barci.

Sai dai ban yarda da masu cewa duk ƙaramin adadi hayaniya ce kawai ba. Da farko, Clemente bai faɗo 265 ba, 346 ya ci a sauran kakar, domin gwani ne na haƙiƙa, kuma hasashen da aka jawo shi ƙasa da 300 ya rage masa haƙƙinsa. Cikin wancan 400 akwai sa'a, akwai kuma gwaninta, ba mu dai da wuƙar da za ta raba su cikin tsayuwa 45. Na biyu, ba kowane abu ne ke buƙatar dogon jira ba. Russell Carleton, wanda ya yi nazarin wannan al'amari, ya nuna cewa yawan faɗuwar mai kulki ba tare da ya iya dukan ƙwallo ba yakan fara bayyana halinsa cikin tsayuwa 60 ko makamancin haka, alhali adadin ci bisa dubu sai ya haura tsayuwa 900. Dalili a fili yake. Taɓa ƙwallo ko kuskure ta magana ce tsakanin mutum biyu, amma ƙwallon da aka doka sai ta ratsa iska da ciyawa da hannuwan masu tsaro kafin a san makomarta. Tun 2015 kuma na'urori a filayen babbar gasa suna auna saurin da ƙwallo ke barin kulki. Wanda ya doka ta sau ɗaya tak da gudun da mutane ƙalilan ke iya kaiwa, ya riga ya shaida ƙarfinsa, don sa'a ba ta ba mutum damtsen da ba shi da shi. Mai sayen hatsi ma da tafi ɗaya yake gane ko geron buhu ya jiƙe, amma tafi ɗaya ba zai gaya masa yawan tsakuwar da ke ƙasan buhun ba.

A ganina, yawancin gardamar tana tasowa ne daga cakuɗa tambayoyi biyu. Akwai mai tambayar me mutumin nan zai yi gobe, akwai mai tambayar me ya yi jiya. Ranar 8 ga Oktoban 1956, a wasannin ƙarshe na cin kofi, mai jifa Don Larsen na ƙungiyar Yankees ya fuskanci ƴan Brooklyn 27 a jere, ba ko ɗaya da ya isa masaukin farko. A tsawon rayuwarsa ta wasa ya yi nasara sau 81, an doke shi sau 91, wato bai kai gwani ba. Wanda ya dubi waccan rana ya yi hasashen zai zama sarkin masu jifa ya yi asara. Wanda kuma ya ce a share ranar daga littafi don sa'a ce, ya yi wa tarihi ƙarya.

Inda wannan bambanci ya zama magana mai nauyi shi ne batun baƙaƙen fatar Amurka. Har zuwa 1947 an hana su shiga babbar gasa, don haka suka kafa nasu gasannin. A Disamban 2020 hukumar babbar gasar ta amince cewa gasannin baƙar fata guda bakwai na tsakanin 1920 da 1948 manyan gasanni ne, sannan a watan Mayun 2024 aka shigar da alƙaluman ƴan wasa fiye da 2,300 cikin babban kundi. Nan take jerin ya sauya. Josh Gibson, da 372 a tsawon rayuwa, ya hau kan Ty Cobb mai 367, kuma 466 da ya ci wa ƙungiyar Homestead Grays a 1943 ya zama mafi girma a kaka guda, ya ture 440 na Hugh Duffy na 1894.

Masu suka suka ɗauko ainihin hujjar da na shafe rabin wannan rubutu ina karewa. Cobb ya tsaya fiye da sau 11,000, abin da aka iya tattarowa na Gibson kuwa dubu biyu ne da ɗoriya. A 1943 ci 116 ne cikin tsayuwa 249, alhali Ted Williams, da ya ci 406 a 1941, ya tsaya sau 456. A lissafi suna da gaskiya. Ratar 5 cikin dubu da ke tsakanin Gibson da Cobb ba ta kai lilon da sa'a ke yi a tsayuwa dubu biyu ba, don haka ba wanda zai rantse da waɗannan alƙaluma cewa wane ya fi wane. Kuma da Gibson ya sami tsayuwa 550 a 1943, kusan tabbas ne adadinsa zai sauko.

Duk da haka ina tare da waɗanda suka buɗe masa kundin, domin kundi mai ba da shaida ne, aikinsa ya faɗi abin da ya faru. Ita kanta babbar gasar, a 2020, annobar korona ta tilasta mata taƙaita kakarta zuwa wasa 60, kuma ba ta ƙi naɗa zakarun wannan shekara ba. Sannan akwai tambayar da ƙwaryata ba ta iya amsawa: wa ya ƙanƙantar da adadin Gibson? Ƙungiyoyin baƙar fata suna buga wasannin gasa kaɗan ne saboda yawancin filayen haya suke yi daga farare, kuma abincinsu yana cikin yawon gari-gari suna karawa da duk wanda ya samu, wasannin da ba a lissafa su a kundi. Na gasar ma ba duka jaridu suka buga sakamakonsu ba, sai da masu bincike suka shafe shekaru suna tonon tsofaffin shafuka kafin a haɗa abin da ke hannu yau. A ɗaya ɓangaren, tsayuwar Cobb 11,000 a gasa ba ta taɓa haɗa shi da fitattun masu jifa na gasannin baƙar fata ba, saboda haka nasa buhun babba ne, amma an tsince wani ɓangare na hatsin kafin a auna. Zai yi mini wuya in karɓi hujjar ƙarancin adadi daga gidan da ya rufe ƙofa sannan ya zo yana ƙirga sau nawa baƙo ya shigo.

Gibson ya rasu ranar 20 ga Janairun 1947 a Pittsburgh, yana da shekara 35. Ranar 15 ga Afrilun wannan shekara Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn, ƙasa da wata uku bayan an binne shi.