Kafin Ka Ɗaga Hannu a Gwanjon Gida



Duk matashin da ya tara ɗan jari a yankinmu, ko daga noman rani a bakin dam ɗin Tiga, ko daga sarin shinkafa a Tudun Wada, burinsa na farko ya mallaki gida. Shi ya sa da zarar an ji banki ya sa gidan wani a gwanjo saboda bashi, sai hankali ya tafi can, don an san za a saki ƙasa da kuɗinsa.

Gwanjon gaskiya ne. Tun 2010 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar AMCON don karɓar basussukan da suka gagari bankuna, kuma tana sayar da kadarorin waɗanda suka kasa biya. Sai dai yawancin irin waɗannan suna manyan birane. Abin da ya fi faruwa a Bebeji ko Kiru ko Doguwa shi ne ƙaramin banki, ko wani mai bin bashi, ya kai ƙara, kotu ta ba da umarnin sayar da gida.

Bara na raka kawuna duba wani gida kusa da Kwanar Ɗangora. Ginin bulo ne, ɗaki huɗu da rijiya, takarda kuma da sunan mutum ɗaya. Da muka yi sallama, wata tsohuwa ce ta aiko mana da ruwa a kwanon sha, a zatonta baƙin ɗanta ne. Mai unguwa ya ja mu gefe ya warware mana: maigidan ya rasu, ba a raba gado ba, babban ɗa ya ɗauki takarda ya jinginar ya karɓi kuɗin taki, damina kuma ta ƙi. Tsohuwar tana da tumunin takabarta a gidan, ƙannensa mata biyu suna da rabonsu, kuma babu wadda aka shawarta. Kawu ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ce: "Ɗana, wannan shari'a ake sayarwa."

Gaskiyarsa. Mutum ba ya jinginar da abin da ba nasa kaɗai ba. A mazhabar Malikiyya kuma akwai shufu'a: idan aka sayar da kason ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin biyan kuɗin su karɓe. Ta ɓangaren boko, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ce cinikin da aka yi da umarnin kotu sai da amincewar gwamna. Ka ga ke nan bugun guduma bai mallaka maka gida ba tukuna.

Don haka idan kana sha'awar wannan harka, kada ka yi cinikin biri a sama. Je ka ga gidan da idonka, ka san su wa ke kwana a ciki. Zauna da mai unguwa da dagaci, domin su suka san tarihin kowace katanga. Idan gidan yana da takardar shaidar mallaka ta jiha, a bincika ta a ofishin KANGIS a Kano. Nemi lauya ya duba ko akwai ɗaukaka ƙara. Sannan ka haɗa kuɗin lauya da na gyara da na canza suna a kan farashin, ka ga ko arahar tana nan.

Akwai lissafin da ba ya shiga takarda. A birni kana iya sayen gida ba ka taɓa ganin mai shi ba. A ƙauyukanmu, wanda aka fitar daga gidan kuna iya haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a, 'ya'yanku kuma a makarantar allo ɗaya. Idan ya tabbata gidan nasa ne shi kaɗai, kuma ya san da cinikin, saye halal ne, wataƙila ma ka sauke masa nauyi. Idan kuwa akwai haƙƙin marayu ko na gwauruwa a ciki, bar shi ko da kyauta ne, ka nemi fili a gefen gari ka fara da ɗaki ɗaya.

Allah Ya ba mu na halal.