Mai Jita da Madubi

A hutun da ya wuce na sauka gidan kawuna, mutumin da ba ya rabuwa da tsofaffin faya-fayen Turawa. Ran nan bayan sallar isha ya ce in zauna mu kalli wani fim. Na zauna ne don kunya kawai, gama a makaranta ba mu san irin wannan kiɗa ba. Sunan fim ɗin Songs for While I'm Away, wata mata 'yar ƙasar Ailan mai suna Emer Reynolds ta shirya shi a 2020, a kan rayuwar Phil Lynott.

An haifi Phil a Ingila a 1949. Uwarsa Philomena Baturiya ce 'yar Ailan, ubansa kuwa baƙar fata ne daga Gayana. Tun yana ƙarami uwar ta kai shi wurin kakarsa Sarah a unguwar Crumlin cikin birnin Dublin, ita ta zauna aiki a Manchesta. Nan na gyara zama, domin ni ma kakata ce ta rene ni. A lokacin da ƙyar ake ganin baƙin yaro a unguwar tasu.

A 1969 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Thin Lizzy. Shi ne mai waƙa, shi ne kuma mai kaɗa bes, watau jita mai tsirkiya huɗu da murya mai kauri. Kawu ya ce in lura, sautinta ba ya fitowa fili, a ƙirji ake jinsa, amma in ya tsaya sai kiɗan duka ya zama fanko. An manna wa jitar tasa madubi, yana haska fuskokin 'yan kallo da shi. Ashe kuwa da fari mai kunya ne ƙwarai. A 1976 waƙarsu The Boys Are Back in Town ta kai sunansu har Amurka. Ƙungiyar ta watse a 1983, shi kuma ya rasu ran 4 ga Janairu 1986, yana da shekara 36. A 2005 aka kafa mutum-mutuminsa a Dublin.

'Ya'yansa mata biyu, Sarah da Cathleen, sun yi magana a fim ɗin, kuma wurin nan ya fi ko'ina taɓa ni. Suna yara ƙanana ya mutu, sai a cikin waƙoƙin da ya yi musu suke neman ubansu.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Da aka zo ƙarshen rayuwarsa sai aka bi ta kai sama-sama. Na ce, "Kawu, me ya kashe shi?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ƙwaya ce, ɗana. Hodar heroyin da giya suka ci jikinsa, ciwon huhu da na zuciya suka ƙarasa shi."

Na san wannan shirun. Yayana ya rasu shekara biyu ke nan, a gida har yau cewa ake yi zazzaɓi ne. Ni kuwa ɗakinmu ɗaya, na ga kwalaben maganin tari a ƙarƙashin katifarsa, ban gaya wa kowa ba domin ya roƙe ni. Masu fim ɗin don ƙauna suka sakaya, na sani, kamar yadda innarmu take sakayawa. Duk da haka ina ganin da sun faɗa sosai ya fi, darajarsa ba za ta ragu ba.

A daren nan na gaya wa Kawu zancen kwalaben. Bai yi mini faɗa ba. Ya daɗe yana duban ƙasa, sa'an nan ya ce tun da daɗewa ya sani, ya tashi ya kashe talabijin.