Ga Mai Son Koyon Rubutu Da Alƙalamin Kara

Yawancin matasan da ke tambaya ta yadda za su koyi rubutun hannu irin na malamanmu, abu ɗaya suke fara nema: ina za su sayi alƙalami mai kyau? Amsata kullum ita ce ba a saye, fiƙewa ake yi. Mu a Fakku, can ƙasar Kebbe, yaro ba ya shiga sahun masu rubuta wa kansu allo sai ya iya fiƙe nasa, kuma ina ganin hikimar da ke cikin wannan ta fi ƙarfin tsimin kuɗi.

Gamba ake nema, wadda ta ƙosa ta bushe da kaka, lokacin da masu saƙar zana ke yanko ta. Ɗanya ba ta yi, don tana motsewa bakin ya karkace. Ka zaɓi mai kauri da santsi, ka yanke kamar taƙi guda. Da reza ko wuƙa mai kaifi za ka zabge gefe ɗaya a karkace, ka kankare farin da ke ciki, ka rage gefunan har bakin ya tsuke. Sai ka tsaga shi kaɗan a tsakiya, domin ta wannan tsagar ce tawada ke gangarowa. Yanka na ƙarshe shi ne mai wuya: a ɗora bakin kan itace mai tauri a datse shi sau ɗaya, a ɗan jirkice. Faɗin wannan datsa shi ne kaurin baƙinka, shi ya sa malamai biyu da suka yi karatu gaban mutum ɗaya za ka ga hannunsu ya bambanta. Na farko da na biyu za su lalace, kada ka damu, gamba ba ta ƙarewa a daji.

Sai tawada, kuma a nan ne masu koyo suka fi shan wuya, su ɗauka hannunsu ne ba shi da kyau. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro da ruwa. A niƙa gawayin ya yi laushi kamar kwalli, a jiƙa ƙaro ya narke, a haɗa, a tace da tsumma. Gwajinta ba wuya. Ja layi a kan allo ka bari ya bushe, ka goga da babban yatsa. In ya kakkaɓe, ƙaro ya yi kaɗan. In kuwa yana ƙyalli, alƙalami na ja da ƙyar, ya yi yawa, ƙara ruwa. Ka sa ɗan auduga cikin kurtu, ita ke hana alƙalami ɗebo fiye da ƙima ya zubar maka a tsakiyar shafi. Ta takarda daban take. Ana dafa bagaruwa a sa mata ƙarfe, irin dai dabarar da majema ke yi wajen rina fata baƙa. Ita ba ta wankuwa, amma in ƙarfen ya yi yawa, da tafiyar shekaru sai ta cinye takardar daidai inda baƙaƙen suke.

Abin da ya sa nake nanata a daɗe a kan allo ke nan. Allo yana yafiya, a wanke a sake. Fara da alif, ka jera shi layi bayan layi har ya zama duk tsayinsu ɗaya, sannan ba, sannan masu ciki irin su nun da sad. Kar a danna. Malamin da ya koya mini yakan ce, "Kai yaro, alƙalami ba kalme na ba, bari noma mini allo." Kara ja yake so, in ka tura shi da ƙarfi bakin ya buɗe, ya fantsama maka tawada. Kuma ka tsai da irin rubutun da kake koyo. Namu na ƙasar Hausa, wanda ake rubuta ƙira'ar Warshu da shi, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin na gabas da ake gani a bugun Madina. Haɗa su a shafi ɗaya ruɗa mai karatu ne. Jan wasali da sauran launuka a bari sai baƙin ya zauna.

Wanda ya sayi alƙalamin ƙarfe mai tsomawa, irin wanda masana'antun Birmingham ta Ingila suka fara bazawa duniya a shekarun 1820, iyayenmu kuma suka yi elementare da shi, to ya wanke bakin da sabulu tukuna, don akwai maiƙo a jikinsa da ke hana tawada kamawa. Ya kuma goge shi bayan aiki saboda tsatsa. Tawadar ƙaro kuwa kada a zuba ta a alƙalami mai shan tawada, toshe shi za ta yi.

Wani zai ce duk wahalar me, ga biro ga waya? Ni dai abin da ke damuna shi ne littattafan da aka bar mana. Shehu Usmanu, wanda ya rasu 1817, da 'yarsa Nana Asma'u da ta rasu 1864, da ɗansa Buhari mai Tambuwal, duk da wannan karan suka yi aiki, galibi a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku da fatake ke ketaro Sahara da ita. Dubban irin waɗannan shafuka na ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, wasu kuma a cikin gafakar tsofaffi a ƙauyukanmu. Wanda ya taɓa jan nun da kara yana gane inda marubuci ya ɗaga hannu, da inda tawada ta ƙare masa ya sake tsomawa, don haka ko ɗigo ya goge yakan iya karanta kalmar. A unguwarmu masu iya wannan duk sun yi furfura, kuma gara ba ta daina cin gafaka ba.