Yaron da Ya Ƙi Hawa Keke

Ina da wani ƙane, ɗan baffana, wanda shan-inna ya kama tun yana goye, ƙafafunsa duka biyu suka shanye. Da ya yi wayo sai dangi suka yi karo-karo aka sayo masa keken guragu, amma ya ce atafau shi ba ya hawa. Ya gwammace ya ja jiki a ƙasa, domin wai in ya hau, duk wanda ya gan shi sadaka zai miƙo masa. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Ina cikin wannan fushi ne na sami labarin wani mutumin Ostareliya mai suna Ryley Batt.

An haife shi a 1989, ba shi da ƙafafu, yatsun hannunsa kuma a manne su ke, sai da likitoci suka yi masa aiki suka raba su. Har ya kai shekara 12 bai yarda ya hau keke ba. A kan ɗan katako mai taya ya ke yawo, kamar yadda mu ke ganin waɗansu a tashoshinmu. Ran nan aka zo makarantarsu aka gwada wani wasa, shi ke nan yaro ya nemi keke da kansa.

To, bari in bayyana muku wasan. Zari-ruga ne na masu keke, waɗansu naƙasassu suka ƙago shi a Kanada wajen 1977. Kowane gefe mutum 4 ne, maza da mata kuma tare su ke yi. Ba a shiga sai wanda naƙasarsa ta taɓa hannu har da ƙafa. Mai ƙwallo ya kan ɗora ta bisa cinya ya murza keke, in tayarsa biyu ta ƙetare layin abokan gaba ya ci ɗaya. Amma fa kada ya wuce daƙiƙa 10 bai buga ta ƙasa ko ya jefa wa ɗan'uwansa ba. An hana taɓa jikin mutum, an halatta a kara wa kekensa da ƙarfi, har ka ga ƙato ya kife, taya tana juyi a sama. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne awon da a ke yi: kowane ɗan wasa ana ba shi lamba gwargwadon ƙarfin jikinsa, daga rabi zuwa 3 da rabi, jimlar mutum huɗun nan kuwa kada ta wuce 8. Watau dole mai ƙarfi ya nemi mai rauni su tafi tare. Batt 3 da rabi ne.

Yana da shekara 15 kacal ya je gasar Olamfik ta naƙasassu a Atina a 2004. A Bejin a 2008 Amurka ta kada su a wasan ƙarshe, suka komo da azurfa. A Landan a 2012 suka ci Kanada 66 da 51, suka ɗauki zinariya. A Riyo a 2016 kuwa sai da aka ƙara lokaci sau biyu kafin su rama wa Amurka, 59 da 58. Daga nan abin ya ɗan ja baya: a Tokyo a 2021 shi ne ɗaya daga cikin masu riƙe tutar ƙasarsu, amma na huɗu suka zo, a Faris a 2024 kuma tagulla suka samu. Zuwa shida ke nan cikin shekara 20.

Na kwashe labarin nan kaf na faɗa wa ƙanena, ina tsammani zai ji kunya. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Yaya, shi ai an nuna masa abin da zai yi da keken. Ni me kuka nuna mini?"

Na rasa ta cewa. Lalle mu keke kawai muka saya, muka ajiye masa a zaure, muka jira godiya. Da kasuwa ta ci na tura keken wurin mai walda, ya ɗora masa akwati a gaba, baffa kuma ya ba da jarin goro da alewa. Ran Asabar da ta wuce ya dawo da la'asar, ya ce sarƙa tana kuka, in sayo masa mai.